Abin da Ya Faru da Mahaifinku a Rumfar Zaɓe

Maryam, Abba, na san abin da ake faɗa muku game da mahaifinku. An ce muku sayen sa aka yi. An ce muku alhakin mutanen garinmu ne ya kama shi har ya riƙa faɗuwa yana kumfar baki. Ke Maryam rannan kin dawo daga islamiyya kin ƙi cin abinci, kika ce kanki ke ciwo, ni kuwa na san ba kai ba ne, magana aka yaɓa miki a hanya. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan da hannuna, tun idona na iya bin layi. Ni na haife shi, kuma kusan komai a gabana aka yi.

Garinmu ƙaramar tunga ce a bayan Rimawa, inda fadama ta gangara zuwa gulbi. Ku ba ku san ta ba sai a baki. Kakanku Malam Bello masunci ne, da rani kuma ya noma albasa da tattasai da ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo. Ni na koyar a firamare har na ajiye aiki, daga nan na koma bandar kifi. Ɓarayin daji da shanu suka fara. Da shanu suka ƙare suka aza mana haraji, wanda bai biya ba kada ya taka gonarsa. Wata rana da hantsi suka tarar da kakanku a fadama yana gyaran injin ban-ruwa, suka ce ya ba su babur, ya tsaya neman makulli a aljihu, suka ga kamar ya daɗe. A nan cikin kunyar albasa aka ɗauko shi. Bayan sadakar bakwai gari ya watse. Wasu suka nufi Wurno, wasu Rabah wajen dangi, wasu birnin Sakkwato, wasu ma suka tsallaka Nijar. Mu muka sami ɗakuna biyu a Goronyo, bayan gidan wani mai sayar da hatsi, ni da mahaifinku Nasiru da mahaifiyarku Hadiza da ku, kuna ƙanana ƙwarai.

Nasiru ya yi karatun kwamfuta, amma aikin ofis bai samu ba, sai ya buɗe ɗan shago kusa da tasha yana gyaran waya da caji. Mutum ne marar yawan magana. In yana aiki sai ka ji yana ɗan fito ta tsakanin haƙora, kuma tun yana yaro ba a ajiye rediyo kusa da shi bai kwance ta ba. Da zaɓe ya matso, hukuma ta rasa baƙin da za su yarda su shigo yankinmu aiki, sai ta ɗebi 'yan gari masu ilimi ta ba su horo. Nasiru na cikinsu, aka ce shi zai riƙe na'urar tantance masu zaɓe a akwatin garinmu. Akwatin kuwa an ɗauke shi daga tunga an mai da shi wata firamare a bakin titi, don babu wanda zai iya kai shi can ciki. Ranar da ya dawo daga horon, rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin rasuwar babansa. Ya zauna bakin tabarmata yana kwatanta mini da hannu. Abu ne kamar babbar waya. Mutum ya zo da katinsa, sai ta duba yatsansa, in yatsa ya ƙi ta duba fuskarsa, kuma tana riƙe da adadin duk wanda ta tantance. In an gama ƙirga, da ita za a ɗauki hoton sakamako a aika inda kowa zai gani.

"Inna, wanga karo ba mai jefa ma wani," in ji shi. "In ba ka zo da kanka ba, ba ka zo ba."

Na ce masa Allah ya sa. Ban hango cewa wannan maganar ita ce za ta zame mana masifa ba, domin mutanenmu ba za su iya zuwa da kansu ba.

Akwai ɗan takarar majalisar jiha da nake kira Alhaji Mudi a nan, ba sunansa ke nan ba. Uwarsa 'yar tungarmu ce. Ya zo ya zauna da dattawanmu a ƙasa, ya yi kuka da hawaye, ya ce in ya ci zai tsaya kai da fata sai an girke jami'an tsaro a makarantar garinmu kafin ruwa ya sauka, mu koma mu yi shuka. Ba na son ku ɗauka maƙaryaci ne. Har yau ban sani ba. Ni ma na yarda da shi, kuma shi na yi niyyar zaɓa. Wanda ya kwana a ɗakin aro yana jin ƙamshin hatsin wani ta jikin bango, in aka ce masa ga hanyar gida, ba ya tsayawa bincike.

Zaɓen farko, na shugaban ƙasa, ya wuce lafiya, sai dai mutanenmu da suka fito ba su cika inuwar dalbejiyar makarantar ba. Ranar zaɓe ba mota, hanyar Rabah ba ta biyuwa, na birni ba su da halin zuwa, tsofaffi da yawa kuma sun ce ba za su tsaya a fili a taru a zama abin harbi ba. Dattawa suka duba suka ga in haka za a yi a zaɓen jiha, Alhaji ya faɗi. A nan ne Baffa Garba ya shigo maganar. Shi ne wan kakanku, shi ne mai unguwarmu, shi ya wanke ƙanensa ya sa shi a kabari. Ya aika samari Wurno da Rabah da birni suka karɓo katunan mutanenmu, da yardarsu, aka tara cikin buhun taki. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa daga gefe.

"Malama, wurinki niz zo, ba wurin yaro ba," ya ce. "Na yi mai magana, ya sadda kai ya ƙi ce min komi. Abin da muka so kaɗan na. Rana ta yi tsaka shi ce na'ura ta lalace. Sauran aikin namu na."

"Yaya, in anka gane fa?"

"Wa za shi ganewa? Wa ka zuwa nan? Mutanen ga ba ƙirƙiro su munka yi ba. Kin san su, kin koya ma ɗiyansu karatu. Suna da rai, suna son Alhaji, hanya ta hana su. Sata ta in na jefa a madadin mutuminmu Ɗan Iya abin da shi da bakinai yac ce in jefa mai?"

Sai ya sassauta murya.

"Ke ɗai za shi ji. In kinka ce mai ba ki yahe mai nono in bai yi ba, ya yi. Ki tuna inda munka baro Bello. Ko kabarinai ba mu iya zuwa gani."

Na ce ya ba ni lokaci. Da ya fita na tarar da Hadiza tsaye bayan ƙyaure da ludayi a hannu, ta ji komai. Mahaifiyarku ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, amma ta ce abin da ke ranta. Ta ce ta gaji da wanke muku jiki a bayan gidan mutane, ta gaji da sayen kuka da kuɓewa alhali ga su can suna bushewa a gonarmu. Ta ce kowa na yi, na wancan ɓangaren ma ba barin ta za su yi ba, don me sai mijinta ne zai zama na daban. Ban ga laifinta ba a lokacin, kuma kada ku gani yanzu.

Washegari na bi Nasiru shago, abin da ban saba ba. Na same shi ya buɗe cikin wata waya. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tsuguna.

"Baffa ya zo wurinki," ya ce.

"Ya zo. Mi kag gani?"

"Inna, na'urar tana riƙe da yawan waɗanda tat tantance. In ƙuri'a ta hi su yawa, ranar da anka bincika akwatin duka za a sokewa, har da taki. Ni kuma ni ka shiga hannu, ba Baffa ba." Ya ɗan juya ƙaramin sukundireban da ke hannunsa. "Amma ba shi na ba. Ko da ba a ganewa. Na leƙa buhun. Akwai katin Baba ciki. Akwai na Gwaggo Hajo, akwai na yaran da anka kashe a mashaya. Baffa ya ce su ma da suna nan Alhaji za su yi. Inna, in dangwala da sunan Baba?"

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai cika yi ba.

"In kinka ce in yi, ni yi. Ba ni saɓa maki. Amma don Allah kar ki ce."

Na koma gida ina ta juya maganar. Ina son garinmu. Ina son in mutu a ɗakina. Kuma na san kalma ɗaya daga bakina ta isa, shi da kansa ya faɗa. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: shekaru ina tsaye gaban allo ina hana 'ya'yan mutane leƙen takardar juna, ga nawa ya roƙe ni kada in sa shi abin da zuciyarsa ta ƙi. Da na aika aka kira Baffa, na gaya masa ba zan hana Nasiru ba, ba kuma zan sa shi ba, kuma ba zan ɗora masa nono a kan wannan ba. Baffa ya daɗe yana dubana.

"Kin zaɓa ke nan," ya ce. Ya sa takalmansa ya fita bai yi sallama ba.

Ranar zaɓen jiha na fita da sassafe. Mutane sun ma fi na wancan karon ƙaranci, don an yi ta raɗe-raɗin an ga babura a daji. Nasiru na zaune bayan tebur da rigar aiki, shi da wasu ma'aikata da ɗan sanda ɗaya marar bindiga. Da layi ya zo kaina na'urar ta ƙi yatsana, wutar banda ta cinye zanen. Ya ɗaga ta saitin fuskata, ya ce, "Dubo nan, Hajiya," kamar bai san ni ba, sai da ta karɓa na ga gefen bakinsa ya motsa. Na jefa wa Alhaji ƙuri'ata. Ina so ku riƙe wannan. Mahaifinku ma da ana barin ma'aikacin zaɓe ya jefa ƙuri'a, shi zai jefa wa.

Ban tafi gida ba, na zauna gindin dalbejiya da wasu mata. Bayan azahar layi ya ƙare. Sai ga samari sun shigo da buhun, Lawali ɗan Baffa a gaba. Lawali da Nasiru tare suka tashi, kwano ɗaya, kwalekwale ɗaya. Ina jin su daga inda nake.

"Nasiru, na'urar ga ta lalace ko?"

"Lahiyarta lau."

"Ɗan'uwa, duba dai da kyau."

"Na duba, Lawali. Wanda duk yaz zo da kainai ni tantance shi, ko da magariba ta."

Lawali bai taɓa shi ba, wannan shaida ce da zan bayar har gaban Allah. Ya juya yana share fuska da hula. Amma cikin waɗanda suka biyo shi akwai baƙin samari da ba mu sani ba, idanunsu jajaye. Ɗaya ya kai hannu zai fizgi na'urar, Nasiru ya rungume ta ya duƙa a kanta. Tebur ya kife. Na ga gora ta tashi sama, na ji ƙararta a bayan kansa, irin ƙarar da kabewa ke yi in ta faɗo daga danga. Na taso da gudu zanena na kwancewa. Lawali ne ya faɗa kansa ya kare shi yana ihu, "Kun kashe shi! Wa yac ce ku buge shi?" Kafin motar jami'an tsaro ta iso, baƙin sun tsallake katanga. Na'urar ba ta fashe ba. Sauran ma'aikatan suka ƙirga 'yan ƙuri'un da ke akwatin, suka ɗauki hoto suka aika, mu kuma muna hanyar asibiti, kansa a cinyata, jini na fita ta kunnensa.

Alhaji ya faɗi, kuma an ce da tazara kaɗan. Tun kafin a sallamo Nasiru magana ta gama gari cewa abin da ke cikin buhun nan ya isa ya rufe tazarar. Ko gaskiya ne ban sani ba, ban kuma taɓa neman sani ba. Daga nan aka ce ɗaya ɓangaren ne suka saye shi. Mutumin da aka saya, a ce matarsa ta sayar da kwanonin aurenta kafin a yi masa hoton kai? Amma wa zai tsaya ya yi wannan tunanin. Matan da muka yi gudun hijira tare, muka raba garin kwaki a hanya, suka daina amsa gaisuwata. Aka yi suna a gidan Ɗan Iya ba a aiko mana goro ba. Shagon Nasiru ya mutu, mutanenmu suka gwammace su tsallake titi su kai wayarsu wajen wani. Kunnensa na hagu ya toshe, ciwon kai ba ya barinsa, sai kuma faɗuwar ta fara. Likita ya ce bugun ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya rubuta magani, ya ce ya nisanci wuta da ruwa. Wannan ita ce cutar mahaifinku. Ba iskoki ba ne, ba alhakin kowa ba ne. Gora ce.

Ruwa ya sauka ba a girke kowa a garinmu ba. Wanda ya ci zaɓen bai taɓa tako ƙafarsa wajenmu ba. Yunwa ta sa wasu magidanta suka yi shahada suka koma shuka, suna kwana a Rimawa suna shiga gona da safe. Lawali na cikinsu. Gero ya fara fitar da kai aka tare su a gona, aka kashe wasu aka tafi da wasu. Lawali bai dawo da rai ba. Na ɗauki mayafina na tafi gaisuwa duk da an ce kada in je. Na durƙusa gaban uwarsa, matar da muka yi shekaru muna daka a turmi ɗaya. Ta janye hannunta.

"Mi kika nema nan, Aisha? Da ɗanki ya yi abin da anka ce mai, da akwai soja garinmu. Tashi ki ba ni wuri."

Ɗakin cike da mata, babu wadda ta ce mata ta bari. Na tashi na fita. Da na gaya wa Nasiru an yi jana'iza, ya juya fuskarsa bango. Daga nan ya ce, "Shi yak kare ni, Inna."

Da rani ya zagayo, babu shago, ga ku kuna buƙatar abinci, sai ya shiga ƙwadago a gonakin albasa na bakin madatsa. Na tuna masa maganar likita, Hadiza ta yi kuka, ya ce to mi za mu ci. Yana ban-ruwa ciwon ya taso masa, ya faɗa cikin hanyar ruwa, ruwan da bai kai gwiwa ba. Masu aiki na can ɗaya gefen gonar. Da suka ankara an gama.

Mutanenmu kaɗan suka zo jana'izar, amma Baffa Garba ya zo, kuma shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Bayan kwana uku, ɗaki ya rage daga ni sai mahaifiyarku, tana ninke kayansa. Ba ta dube ni ba ta yi magana.

"Inna, da kin ce mai shi yi, da shina nan."

"Da shina nan," na ce.

Gaskiya ta faɗa. In kuna so ku san ko da za a maido ni ranar nan a shagonsa zan canza, na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Wata rana amsar a'a ce. Wata rana, in na ga Abba ya karkata kai yana kwance murfin tocila, ba ni da amsa. Abin da na tabbata shi ne ya roƙe ni kada in sa shi, ban sa shi ba, kuma ya mutu bai dangwala da sunan ubansa ba. In aka sake tare ku da maganar an saye shi, ku ce kakarku ta ce ƙarya ne, kuma tana nan da rai, mai shakka ya zo ya same ta.

Bayan haka an yi zaɓen ƙananan hukumomi. Mota ta yi ta zagaya gari da lasifika ana kiran mutane su fito. Ranar ina tsakar gida ina juya kifi a kan wayar banda, sai na ji sallamar Baffa, karo na farko tun ranar da ya fita bai yi mini sallama ba. Ya rame, sanda ta shiga hannunsa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga nan ana hango wata rumfar zaɓe a tsallaken titi, ma'aikata zaune sun yi tagumi, ba kowa a gabansu sai awaki na cin ɓawon rake. Muka gaisa, ya tambayi lafiyarku. Muka mai da ido kan rumfar.

"Malama, ba ki zuwa?" ya ce.

"Kai fa, Yaya?"

Ya girgiza kai. "Wanda nika yi don shi na ƙasa."

"Nawa ma."

Ya zauna har aka kira azahar. Muna kallo ma'aikatan suka ɗaga akwatinsu, mutum ɗaya ya ɗauke shi da hannu guda, suka sa a mota suka tafi.